Wat 5 ya isa: a buɗe wa matasan Damagaram ƙofar rediyon sha'awa

A Damagaram babu wanda za a zaunar a koya wa kamun gajeren zango. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, iyayenmu suka haddace mita 16 da 19 da 25 da 31 da 41 da 49. Mai shayi a Zango, tela a Birni, makiyayi a dajin Tanut, kowannensu ya san mitar da ke kamawa tangaran da asuba da wadda ke dusashewa in rana ta take, ya kuma san in murya ta yi rauni sai a ɗaura siririyar waya a kan eriya a rataya ta a reshen bedi. Ba a lakkwal suka koyi wannan ba, kunne ne da haƙuri. Sai dai duk gwanintar nan ta tsaya a gefe guda. Kusan shekara 70 muna karɓar muryoyin da suka ƙetaro hamada da teku, amma da wuya ka sami ɗan garin nan da ya taɓa tura tasa muryar ta wannan hanya, da na'urar da ya haɗa da hannunsa.

Ni dai a ganina wannan giɓi ya isa a cike shi, kuma cike shi ba ya bukatar miliyoyi. Abin da yake bukata shi ne hukuma ta buɗe ƙofa a fili ga ƴan ƙasa, musamman matasa, su shiga harkar da duniya ke kira rediyon masu sha'awa, su fara da ƙaramin ƙarfi, wat 5 ko ƙasa da haka, da na'urorin da za su like da kansu.

Rediyon sha'awa dabam yake da tashar watsa shirye-shirye irin Muryar Sahel ko Anfani ko rediyoyin karkara. Babu waƙa a cikinsa, babu talla, babu kamfe. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce ta keɓe wasu yankunan zango ga mutanen da ke son koyon fasahar rediyo don kansu ba don kuɗi ba, su ƙera, su gwada, su yi magana da junansu. Mutum yakan zauna jarrabawa, in ya ci ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira wadda babu mai irinta a duniya. Ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N. A Amurka kaɗai masu wannan lasisi sun haura 700,000. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikin masu wannan harka da lambar JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya da VU2RG. Lambar 5U kuwa abar nema ce, domin ba kasafai ake jin ta a iska ba, kuma galibin waɗanda suka ɗaga ta baƙi ne: ma'aikacin da aiki ya kawo, ko ayarin Turawa da ke sauka Yamai su kafa eriya mako ɗaya ko biyu, dubban mutane daga nahiyoyi suna rububin kiransu, sannan su naɗe kayansu su tafi. Ba na ganin laifinsu, sun nemi izini sun samu. Abin da ke ci mini rai shi ne sunan ƙasarmu ne ake kira, amma ba ƴaƴanta ne ke amsawa ba.

Wanda ya ji an ce wat 5 zai iya kai saƙo Turai zai ɗauka ƙari ne, tunda ƙwan fitilar da ke ɗakinsa ma ya kai hakan ko ya fi. Tarihin rediyo kansa da irin wannan shakka ya fara. Ranar 12 ga Disamba 1901 Marconi ya ce ya ji harafin S, ɗigo uku, an bugo shi daga Ingila zuwa gaɓar Kanada, tazarar kimanin kilomita 3,500. Ya yi hakan ne da katafariyar tasha da dogon zango, kuma shekaru bayan nan kowa ya tafi a kan cewa nisa sai da dogon zango da wuta mai yawa. Shi ya sa a 1912 dokar Amurka ta tura masu sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya gaza haka, wurin da manyan kamfanoni da sojojin ruwa suka ɗauka ba shi da amfani. A can ɗin da aka jefa su suka tono abin da manya ba su gani ba. A ƙarshen Nuwamba 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga birnin Nis, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka a kan zangon da bai wuce mita 110 ba, da na'urorin gida. Daga nan gwamnatoci da kamfanoni suka rugo gajeren zango. Wato hanyar da BBC ta bi ta iso rumfar mai shayi a Zango, masu like-like a ɗakunan gidajensu ne suka share ta.

Sirrin yana sama, kuma rana ce ke yin aikin. Daga kimanin kilomita 60 zuwa sama da 400 a bisa kanmu, haskenta yana dukan siririyar iskar da ke can ya mayar da ita mai caji. Masana na ce wa wannan rufi ayonosfiya, kuma Edward Appleton, wanda ya tabbatar da shi da gwaji a 1924, ya sami kyautar Nobel a kansa a 1947. Rufin hawa-hawa ne. Na ƙasa, wanda ake kira D, da rana kawai yake samuwa, kuma aikinsa shanye saƙon da ke kan zangunan da suka fi tsawo. Na can ƙoli, F, shi ne ke lanƙwaso saƙo ya maido shi ƙasa a wuri mai nisa. Da rana ta faɗi hawan D yana watsewa, hanya ta buɗe, shi ya sa tashoshin da ba ka jin ɗuriyarsu da azahar suke cika rediyonka bayan isha'i. Tsalle guda daga hawan F yana iya kai wa kilomita 4,000. Daga Damagaram, kudancin Faransa da Makka duk suna cikin wannan tazara. In saƙon ya sauka a ƙasa ko a teku ya sake tashi, tsalle na biyu da na uku sai su kai shi Brazil ko Japan. FM kuwa ratsa rufin take yi ta wuce, don haka iyakarta inda eriyar tasha ke hange.

Rufin nan ba ya zama a hali ɗaya, kuma a nan daɗin harkar yake. Yana sauyawa da sa'a, da damina da rani, da kuma zagayen rana na kimanin shekara 11, wanda ake ƙidaya shi da baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskarta. Zagaye na 25 ya fara a Disamba 2019, ya kai ƙololuwa a 2024, kuma a irin waɗannan shekaru mita 10 da mita 15 sukan buɗe har ƙaramar na'ura ta yi abin mamaki. In ya yi ƙasa sai a koma mita 20 da 40. Lokacin fitowar alfijir da faɗuwar rana akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da hawan D ya yi rauni alhali F na nan da ƙarfinsa, saƙo ya bi layin da ya raba dare da rana ya yi nisa ƙwarai. Mu da muke tashi sallar asuba ba sai an tashe mu don wannan ba. Akwai kuma wata baiwa ta wurin zama: layin tsakiyar duniya na maganaɗisu bai yi nisa da mu ba ta kudu, kuma a gefensa biyu ne rufin ya fi kauri a duk duniya, yana kuma da halaye na dabam bayan magariba waɗanda masana ke ta nazari har yau. Tashoshin aunawa sun yi yawa a Turai da Amurka, a Sahel kuwa sun yi ƙaranci. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar André Salifou yana zaune ne ƙarƙashin abin da wasu ke kashe kuɗi su zo su auna.

To me ya sa na nace a kan ƙaramin ƙarfi? Lissafin ne ya ba ni gaskiya. Ma'aunin ƙarfin saƙo da ke jikin na'urar karɓa yana da matakai 9, kuma kafin allura ta hau mataki guda sai mai aikawa ya ninka wutarsa sau 4. Wanda ya sauko daga wat 100 zuwa wat 5 ya rage wuta sau 20, amma a kunnen mai saurare abin da ya ragu bai fi mataki 2 da ɗan ɗoriya ba. In hanya a buɗe take, ana jin sa sarai. In a rufe take, mai wat 100 ɗin ma ba ya wucewa. Masu wannan salo suna kiransa QRP, kuma ƙa'idarsu wat 5 in bugun Mos ne, wato rubuta haruffa da gajeru da dogayen ƙararraki, wat 10 in murya ce.

Abu na biyu shi ne faɗin saƙo. Murya tana cin fili kusan haz 2,500 (haz shi ne awon yawan kaɗawa a sakan guda), kuma duk hayaniyar da ke cikin wannan fili tare da ita take shiga kunne. Bugun Mos, irin na tangarahon da, ana iya tace shi cikin haz 200 ko 300, sai hayaniya ta ragu saƙo ya fito. Kamar mai kiran ɗansa ne a Kasuwar Dole ranar Alhamis: dogon bayani ɓacewa yake yi cikin surutu, amma fito guda siriri yana ratsawa har ƙarshen layi. Joe Taylor, malamin Jami'ar Princeton da ya ci Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya kai wannan dabara matuƙa da tsarin WSPR da ya fitar a 2008. Na'ura tana ɗaukar kusan minti 2 tana aika abu uku kacal, lambar kira da wurin da take da ƙarfin wutarta, cikin filin da bai wuce haz 6 ba. Kwamfutoci a faɗin duniya suna tsamo saƙon daga ƙarƙashin hayaniya, inda kunnen mutum ba ya jin komai, su sa rahoto a intanet. Da kashi ɗaya cikin biyar na wat guda mutane suna ƙetare teku ta wannan hanya kullum. A taswirar masu rediyo Damagaram tana murabba'in JK43. Ina son ranar da ɗalibi zai buɗe taswirar ya ga layuka sun tashi daga JK43 zuwa Jamus da Afirka ta Kudu, ya san daga na'urar da ke kan teburinsa suka fito.

Na'urar kuwa ba ta fi ƙarfinmu ba. Mafi sauƙinta, wadda ake kira Pixie, tiransista 2 ce da ƙaramin guntun ƙara sauti da ƴan tarkace, tana fitar da abin da bai kai wat guda ba a mita 40. Ba ta da kyau sosai, tana kwaso tashoshin da ba a nema, amma yaro yana iya haɗa ta a zama ɗaya ya gane aikin kowane ɓangare. Wadda ta fi burge ni ita ce BITX, ta wani injiniya ɗan Haidarabad ta Indiya, Ashhar Farhan. Ya tsara ta ne da tunanin mutumin da ba shi da kantin kayan rediyo kusa da shi, har ya yi amfani da zoben roba na famfon ruwa wajen naɗa waya, da tiransistar IRF510 wadda asalinta ba don rediyo aka yi ta ba, kuma ga araha. Da aka fara sayar da ita a haɗe, ƙungiyar mata ce a can take aikin naɗin. Akwai kuma QCX ta Hans Summers, ɗan Ingila, wadda ya tsara a 2017 don sansanin matasa masu rediyo, wat 5 ta Mos, kuɗinta a lokacin wajen dalar Amurka 50. Duk cikinsu babu wadda batirin babur mai bolt 12 ba zai riƙe ba, kuma ƙaramin faifan sola ya isa ya cika shi. Eriya kuma waya ce kawai: mita 10 hagu, mita 10 dama, a ɗaure tsakanin itace da soro, ka sami ta mita 40. Irin wannan eriya ba ta dogara da damshin ƙasa, abin da ya dace da yashinmu da duwatsunmu.

Hannun da za su yi aikin suna nan. Duk wanda ya tsaya a rumfar masu gyaran salula ya ga yaro ɗan shekara 17 yana cire guntun da bai kai ƙwayar gero ba ya dasa wani, ya san ba basira muka rasa ba. Masu gyaran rediyo da talabijin, masu naɗin injin nika da na fanka, masu haɗa sola, duk sun iya dalma da ƙarfen like. Abin da ya rage musu shi ne sanin dalili. Mai gyara yakan san in wannan ya ƙone a sauya shi, amma ba a taɓa nuna masa me ya sa aka sa shi a wurin ba, don haka in sabon samfuri ya fito sai ya koma farko. Wanda ya haɗa na'urar aikawa tun daga tushe dole ya fahimci yadda ake haifar da kaɗawar wuta, yadda ake ƙara mata ƙarfi, yadda ake tace ta, yadda tsawon waya ke dacewa da zango. In bai fahimta ba babu wanda zai amsa masa, in ya fahimta wani a Italiya zai maimaita masa lambarsa. Ban san jarrabawar da ta fi wannan adalci ba. Garin nan kuma ba baƙon ƙira ba ne. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, maƙeran Damagaram igwa suke zubawa a nan cikin gari, suna haɗa albarushi. Jikokinsu ba su cancanci a bar su a sauya gilashin waya kawai ba.

Akwai kuma ranar wuya. Daminar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan, kuma a watan Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a. A Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, muka ga yadda komai ke tsayawa. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Salula abar alheri ce, amma tana rataye ne da dogon ƙarfe, da gazuwal ko wutar da ke kunna shi, da wayar da ta haɗa shi da Yamai mai nisan kusan kilomita 900. Ɗaya ya yanke, rezo ya tafi. A dajin Tasker da Tarmit kuwa akwai wuraren da bai taɓa zuwa ba.

Gajeren zango yana da maganin wannan, kuma dabarar mai sauƙi ce. In aka rataya eriyar nan ƙasa-ƙasa, mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, saƙon ba ya tafiya gefe, sama yake miƙewa ya daki rufin ya zubo a kewaye, ya rufe da'irar ɗaruruwan kilomita ba tare da tsallake kowa ba. Mita 40 da rana, mita 80 da dare. Da wannan, mutum a Gure da na Magarya da na Tanut da na Matamai za su ji juna su ji Damagaram, ba dogon ƙarfe, ba tauraron ɗan'adam, ba kati. A ce a kowace gunduma akwai mutum 3 ko 4 masu lasisi, malamin lakkwal ko ma'aikacin gidan likita ko mai gyaran waya, waɗanda suka saba gaisawa ta iska duk mako. Ranar da gulbi ya cinye hanya, su ne za su faɗa wa masu agaji ƙauyen da ruwa ya kewaye da yawan mutanen da ke ciki. Dokar ITU, a sashe na 25, ta ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar masu sha'awa su shirya wa irin wannan aiki. Amma shiri ne, ba a koyonsa ranar da ruwa ya zo.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce: tsaro. Ƙasa tana fama da ƴan ta'adda a yamma da gabas, da ƴan bindiga a kan iyaka, yaya za a bar mutane da na'urar aika saƙo? Duk mai hankali zai tsaya a kan wannan tambaya. Amsata ita ce mugu bai taɓa jiran lasisi ba. Oba-oba mai araha da wayar tauraron ɗan'adam sun daɗe a hannunsa. Mai lasisi kuwa hukuma ta san sunansa da gidansa da na'urarsa, doka ta tilasta masa faɗin lambarsa a kai a kai, ta haramta masa sakaya magana, kuma duk mai rediyo daga nan har Turai yana iya sauraronsa, har da jami'an tsaro. Babu hanyar sadarwa da ta kai wannan zama a fili. Masu lasisi ma su ne suka fi saurin gane baƙuwar murya a zango, domin kullum kunnensu na can. Indiya ta daɗe tana hana masu rediyo aiki daga tsibiran Andaman saboda dalilan tsaro. A ƙarshen 2004 ta ba wani ayari ƙarƙashin wata mata, Bharathi Prasad, izini. Suna can girgizar ƙasa da igiyar tsunami ta 26 ga Disamba ta afka, layukan waya suka mutu, tasharsu ta koma hanyar da hukuma da iyalai ke samun labari tsakanin tsibiran da sauran ƙasar. In akwai yankin da soja suka ce a dakata, a dakata a can. Wannan bai zama dalilin rufe ƙasa baki ɗaya ba.

Wahalhalun gaske ma akwai su. Hadarin damina yana cika mita 80 da ƙara har ka rasa jin komai. Ƙurar hunturu tana tara caji a kan waya, in ba a yi mata hanyar zubewa ƙasa ba ta ƙona na'ura. Cajojin waya da injinan sola marasa inganci sun cika unguwanni da hayaniyar da ba a ji sai a rediyo, har wani lokaci sai an fita bayan gari. Na'urar gida da ba a sa mata matata mai kyau ba tana iya yoyo ta shiga zangon wasu, har na jiragen sama, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a yi jarrabawa ta gaske, a kuma auna kowace na'ura kafin ta hau iska. Wasu kayan dole a yi odarsu daga waje ko a sayo Kano. Harshe bai kai yadda ake tsoro ba, domin Mos da gajerun alamominsa iri ɗaya ne a ko'ina, kuma tsakaninmu a mita 40 babu abin da ya fi Hausa da Barbarci da Faransanci. Mos ɗin ma tun taron ITU na 2003 ya daina zama dole a dokar duniya, kowace ƙasa ita ke zaɓa. Ni ina ba da shawarar a koya shi, don shi ne ke sa na'ura mafi araha ta yi nisa mafi yawa.

Abin da nake roƙo daga ARCEP, hukumar da ke kula da zanguna a ƙasar nan, bai da yawa. Ta buga ƙa'idojin lasisin masu sha'awa a inda kowa zai gani, da Faransanci da harsunan ƙasa. Ta buɗe ajin masu farawa, mai iyakar wat 5 ko 10 a kan zanguna biyu ko uku, da kuɗin da ɗan lise zai iya tarawa, jika kaɗan ba dubbai masu yawa ba. Ta kawo jarrabawar jihohi ko da sau ɗaya a shekara, don yaron Mirya ba zai iya biyan motar Yamai da masauki saboda takarda guda ba. Ta kuma yarda da lasisin kulob, inda malami ɗaya mai izini zai tsaya wa ɗalibansa. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun 1962 Nijar ta kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda manoma ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo, har wasu ƙasashe suka yi koyi da mu. Wancan kulob na saurare ne da magana. Wanda nake nema na ƙira ne.

Mu ma a nan akwai namu rabon aikin, kuma ba sai mun jira Yamai ba. Saurare ba ya taɓa zangon kowa. Jami'a da Lise Amadu Kuran Daga da makarantun koyon sana'a za su iya farawa da haɗa na'urar karɓa, su koyi Mos da ƙaramar ƙararrawa a aji, ƴan mata da samari tare, tunda aikin naɗi da like na mai natsuwa ne ba na mai ƙarfi ba. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya da na gidan rediyo da sojojin sadarwa da suka yi ritaya suna cikin garin nan, kuma da yawansu za su yi murna a ce su zo su koyar. Fadojin matasa da ake yawan zargi da zaman shayi, a cikinsu ne masu gyaran wayar nan suke, a gayyace su. Sashen kimiyya na jami'a kuma ya rataya waya mita 10 a kan rufinsa, ya haɗa ta da ƙaramar na'urar karɓa da tsohuwar kwamfuta guda, ya fara tura rahoton WSPR daga JK43. Bayan wata 6 za su riƙe bayanan da aka auna a sararin Damagaram, sa'a bayan sa'a, kuma da su a hannu ne ya kamata shugaban sashen ya rubuta wa ARCEP takardar neman lasisin kulob na farko, kafin damina mai zuwa.